Yaƙin Gajimare da Nazifi Ya Yi a Ɗakin Matarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya ɗaukaka wasu gidaje bisa wasu, Ya kuma yanka wa kowane gwarzo ranarsa. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Nazifi ɗan Malam Sallau ɗan Barmo ɗan Ɗanjuma Haƙau, fitilar unguwar Jabiri ta garin Funtuwa, takobin zamani, garkuwar ma'abota kwamfuta, mai yatsu goma kowanne da haruffansa, kamar yadda muka tattaro shi daga bakin amintattun maruwaita, waɗanda suka gani da idanunsu da waɗanda suka leƙa ta katanga.

Ku sani, ya ku jama'a, gidan su Nazifi gida ne da Allah Ya hore wa hawa sama sannu a hankali. Ɗanjuma Haƙau mahaƙin rijiya ne, ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa yana miƙo laka cikin guga. Ɗansa Barmo ya fito sarari ya zama magini, ya hau katanga ya zauna daram yana cafe tubali. Malam Sallau kuwa ya zarce su duka, domin shi ne ya ɗaura rabin eriyoyin talabijin na Funtuwa a kan rufin kwano, kuma bai taɓa faɗowa ba sai sau ɗaya, shi ma a kan buhunan masara. Da zamani ya zo kan Nazifi, ya duba ya ga babu sauran rufin da iyayensa suka bar masa, sai ya ɗaura niyyar gajimare. Gajimaren nan, don kada wani ya ɗaga kai yana duban hadari, suna ne da masu sana'ar suka laƙaba wa wasu manya-manyan rumbunan kwamfutoci da ke can wata uwa duniya, inda kamfanoni ke hayar wuri ta intanet, su ajiye bayanansu, su gudanar da ayyukansu. Wanda ya iya tsara wannan haya da tsaronta, aka jarraba shi aka ba shi takardar shaida, to ya sami abin yi ko da yana zaune a bakin gadonsa.

Musabbabin yaƙin kuwa ba ƙasa ba ce, ba kuma sarauta ba. Nazifi yana da mata, Rumasa'u 'yar Alhaji Mamuda Mai-Auduga, wadda ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari kamar yadda aka saba. Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami 'ya mace, aka yi suna, aka yi wankan jego, aka sha kunun kanwa har tukunya ta gaji, arba'in ta zo ta wuce. Sai dai a tsakanin nan shagon buga takardun da Nazifi ke aiki ya rufe. Da ya je da magabatansa neman a maido masa iyalinsa, Alhaji Mamuda bai ɗaga murya ba, don shi ba mai ɗaga murya ba ne, kuma irinsu ne abin tsoro. Ya saurari bayanin gajimare tun daga farko har ƙarshe yana jan carbi, ya ji cewa wani kamfani a Abuja ya yi alkawarin ɗaukar Nazifi aiki daga gida muddin ya kawo takardar shaidar nan, sannan ya gyara zama ya ce, “Madalla. Ranar da takardar ta fito, ka zo ka ɗauki iyalinka.” Duk kasuwar auduga ta san in Alhaji Mamuda ya faɗi magana ba ya komawa ya taɓa ta. Tun daga ranar Nazifi ya koma ganin 'yarsa a zauren surukai, a miƙo masa ita ya riƙe na ɗan lokaci a karɓe, sai ka ce baƙo. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Sai sadauki ya ci ɗamara ya shiga ribaɗi, wato zaman dirshan na mayaƙi a bakin daga. Ya ƙaurace wa majalisar mai shayi, ya yi bankwana da gidan kallon ƙwallo, ya duƙufa kan karatu ba ji ba gani, har ƙashin wuyansa ya fito, har data ta riƙa ƙarewa a hannunsa kamar ana zuba ruwa a rariya. Da ya ga ilimi ya cika ya batse, ya aika wa masu jarrabawar cewa ya shirya, su ma suka aiko masa da sharuɗɗan fagen fama. Jarrabawar a gida za a yi ta, a gaban kyamarar kwamfuta, wani mai sa ido yana kallonsa daga wata ƙasa mai nisa. Ba a yarda wani mahaluki ya shigo ɗakin ba, ba a yarda a ji muryar kowa ba, ba a yarda leɓensa ya motsa ba, kuma ba a yarda fuskarsa ta bar gaban kyamara ba ko da na ƙiftawar ido ne. Wanda ya karya ɗaya daga ciki an kore shi daga fage, sai ya jira wani zango ya sake ɗaura sabuwar ɗamara.

Da aka auna gidan lungu-lungu da waya a ɗage sama, aka tarar babu inda sabis ke tsayawa da ƙafafunsa sai ɗakin Rumasa'u, kusa da taga. Nan aka kafa sansani. Tsaron ƙofar gari kuwa aka danƙa shi a hannun babbar kwamanda, Yaya Ladidi, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai awarar bakin layi, macen da muryarta ke kaiwa titi ba tare da lasifika ba, wadda karnukan unguwa ke sauya hanya in sun hango ta.

“Yaya,” in ji Nazifi, “ko wane ne, kada ya wuce zaure.”

Ladidi ta ɗaga muciya ta ce, “Ko sarkin aljanu ne sai ya nemi wuri ya zauna!”

Ranar Talata da hantsi, rana mai albarka wadda masu tarihi ba za su manta da ita ba, sadauki ya yi wanka, ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya fesa turare duk da ya san ba a jin ƙamshi ta kyamara, ya zauna a gaban kwamfutarsa. Wannan kwamfuta tsohuwar mayaƙiya ce, batirinta ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, ba ta numfashi sai a jone, unguwar kuma ta kwana biyu ba ta ga wuta ba. Don haka aka aro janareta, Ladidi ta taka shi da ƙafa, ta finciki igiya tana kabbara, ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama.

Mai sa idon ta bayyana. Mace ce, bisa ga sunan da ya fito, amma har yau babu wanda ya ga fuskarta, sai rubutunta da ke ɓullowa a wani ɗan akwati a gefen allo, gajere kuma ba gaisuwa. Umarninta na farko shi ne ya cire hula ta ga kunnuwansa. A nan aka yi hasarar farko a wannan yaƙi, domin ɗan Malam Sallau bai taɓa zama kai ba hula a gaban baƙuwar mace ba, amma ya haɗiye, ya ajiye ta. Sannan ta ce ya ɗaga kwamfutar ya zagaya da ita ɗakin, kuma duk abin da ke da rubutu a jikinsa a fitar da shi. Wayyo, ita ba ta san ɗakin amaryar Bahaushe ba! Babu bokiti, babu kofi, babu faranti ko mafici a jeren Rumasa'u da ba a manna masa takardar biki ba, wannan na auren ƙawarta, wancan na sunan ɗan yayarta, kowanne da hoto da addu'ar zaman lafiya. Sadauki ya yi ta jigila yana tara su a tsakar gida har suka yi tsibi. Na ƙarshe shi ne kalandar bikinsu da ke jikin bango, shi da Rumasa'u suna murmushi. Ya ciro ta a hankali, ya ɗan tsaya yana kallonta, sannan ya kai ta waje ya ɗora a saman kayan inda ƙura ba za ta taɓa ta ba.

Aka buga tambari, aka buɗe fage. Rundunar tambayoyi ta fito sahu-sahu, kowace tambaya da kawuna huɗu, biyu daga ciki kuma kamanninsu ɗaya don a ruɗa bawan Allah. Ta farko ta zo tana tambayar wane rumbu ya fi dacewa da bayanan da ba a taɓa su sai shekara-shekara, ya sare ta ko gezau bai yi ba. Ta biyu ta zo da batun yadda za a hana shafin kamfani durƙushewa ranar da jama'a suka yi masa rubdugu, ya raba mata nauyin gida-gida ya wuce. Ta uku ta zo da rigimar wa za a ba makulli wa za a hana, ya ba kowa daidai aikinsa bai ƙara ko ƙwaya ba. Wadda ta yi taurin kai kuwa sai ya kafa mata tuta ya tsallake, da nufin ya dawo mata in ya gama da 'yan'uwanta. Kai jama'a, da Ɗanjuma Haƙau zai leƙo daga kushewa ya ga tattaɓa-kunnensa a wannan rana, da ya ce haihuwa ta yi rana.

Amma daɗin nasara ya ja shi ya koma ɗabi'arsa ta asali. Duk wanda ya yi karatu a gaban malam ya san ilimi ba ya shiga sai ana rangaji ana motsa baki, kuma Nazifi bai san lokacin da ya fara lilo gaba da baya yana karanta tambaya ƙasa-ƙasa ba. Akwatin gefen allo ya yi ƙyalli. Mai sa ido ta ce ya daina motsa leɓe, ya kuma zauna wuri ɗaya. Sadauki ya sha jinin jikinsa, ya datse haƙora, ya sandare a kujera.

A waje kuwa wata fitina ce ta kunno kai, wadda duk hikimar sadauki ba ta hango ba. A unguwar da ta kwana biyu ba wuta, wanda ya tayar da janareta da rana tsaka ya yi shela ne ba da saninsa ba. Kafin a ce haka, rundunonin maƙwabta sun ɓarko kamar da bakin ƙwarya, Malam Tanimu tela a gaba da wayarsa da fitilar caji, Iya mai ƙosai tana biye da wayoyin gidanta kaf a ƙulle cikin ɗankwali, wanzamin bakin masallaci da injin askinsa, da wasu bayin Allah da ba a taɓa gani a layin ba, kowa da caja a hannu, kowa yana cewa nasa minti kaɗan ne. Ladidi ta tare bakin zaure, ta gitta muciya, ta yi tsayuwar da ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka kafa Jabiri. Da ta ga yawansu ya fi ƙarfin duka, sai ta koma ga dabarar yaƙi: ta jawo wayar wuta zuwa zaure, ta karɓi makamansu ɗaya bayan ɗaya ta jona, bisa sharaɗin kowa ya kama bakinsa. Suka amince, suka zauna, sannan kowa ya shiga gaya wa na kusa da shi cewa a yi shiru. Hayaniyar neman shiru ta cika zaure, har Ladidi ta fusata ta saki kirarin yaƙinta da dukkan ƙarfin da Allah Ya ba ta.

“Shiru! Ana jarrabawa a gidan nan!”

Maruwaita sun haɗu a kan cewa wannan tsawa ta tsallake tsakar gida, ta shiga ta taga, ta bi ta cikin kwamfuta, ta haye teku, ta sauka a kunnen mai sa ido. Akwati ya sake ƙyalli. Wa ke magana? Nazifi, gumi na keto masa, ya rubuta cewa maƙwabta ne a waje, ɗakin ba kowa. Sannan amsa ta zo cewa wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe.

Daga nan Allah Ya kawo sauƙi. Zaure ya yi tsit, sabis ya tsaya cak, janareta ya riƙe muryarsa ɗaya. Sadauki ya kutsa cikin abokan gaba yana sara dama da hagu, ya kai ƙarshen sahu, ya juyo kan masu tuta yana tuge su ɗai-ɗai. A ransa ya san ya ci, irin sanin da manomi ke yi in ya ga gero ya yi kai. Har ya fara ganin Rumasa'u tana sauka daga mota da jaririya a kafaɗa, tana faɗan wa ya hargitsa mata jere. Abin da ya rage masa bai fi 'yan tambayoyi ba kafin ya danna wurin miƙa amsoshinsa.

A daidai wannan lokaci wata inuwa ta faɗo bakin zaure, doguwa, mai babbar riga da carbi. Ladidi ta ɗago da muciya a sama, tsawa a bakinta, sai ta yi ido huɗu da Alhaji Mamuda Mai-Auduga.

Masu tarihi sun yi saɓani kan abin da ya faru a zuciyar kwamanda a wannan daƙiƙa, amma ba su yi saɓani kan abin da aka gani ba. Muciya ta sauka ta ɓuya a bayan zane. Gyale ya hau kai. Macen da ta yi alkawarin zaunar da sarkin aljanu ta zube ƙasa tana “Sannu da zuwa, Baba Alhaji, an zo lafiya?” An ce mata ko wane ne, gaskiya ne, amma surukin gida ai ba ko wane ne ba ne. Ta yaya za ta ce wa uban matar ƙanenta ya tsuguna a zaure cikin cajoji da injin aski ya jira? Abin kunyar da za a yi ta faɗa har jikoki ke nan. Ta buɗe baki da niyyar yin bayani, abin da ya fito shi ne, “Bismillah, Baba, shigo, yana ciki.” Ita da kanta ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, dab da ƙofar sansani.

Alhaji bai zauna ba. Ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya.

“Salamu alaikum.”

Ko a cikin barci sadauki ya san wannan murya. Amsa ta taso daga ƙirjinsa da kanta, ya tare ta a bayan haƙora ya haɗiye, idonsa a kan allo, bai ga ko harafi ɗaya ba.

“Salamu alaikum.”

Cikin gaggawa ya rubuta wa mai sa ido cewa mahaifin matarsa ne a bakin ƙofa, dattijo ne, a yi masa izini ya gaishe shi ya dawo yanzu-yanzu. Amsa ta zo ba ɓata lokaci, kalmomi kaɗan, masu sanyi: doka ba ta yarda ba. Baiwar Allah, ina ta san abin da ake nufi da suruki a tsaye?

“Salamu alaikum.”

Ta uku ke nan, kuma duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san bayan ta uku mai sallama juyawa yake. Nazifi ya ji ƙarar takalmi yana juyawa a kan siminti. Hankalinsa ya ce masa zauna, saura ƙiris. Ilimin gajimare kaf ya ce masa zauna. Amma gwiwoyinsa ba su yi karatun gajimare ba, tarbiyyar Malam Sallau kaɗai suka sani, kuma ba su nemi shawarar kowa ba. Kafin ya ankara ya tsinci kansa a bakin ƙofa a durƙushe, kai a sunkuye, hular da ya ajiye ma ta koma kansa bai san yaushe ba.

“Wa alaikumus salam, Baba! Sannu da zuwa, Baba!”

Gaisuwar suruki kuwa ba a gutsure ta. Aka tambayi gajiya, aka tambayi gida, aka tambayi kasuwa da mutanen kasuwa, aka tambayi zafin da ake fama da shi. A can bayansa kwamfuta ta yi wata 'yar ƙara, siririya, sau ɗaya.

“Na ɗauka ba ka ji ba ne saboda inji,” in ji Alhaji, fuskarsa a sake. “Rumasa'u ce ta gaya mini yau kake jarrabawar nan. Na ce haba, yaron nan zai shiga abu mai girma haka ba addu'ar manya? Shi ne na rufe rumfa na taho. Ni ma na ƙagu, Malam Nazifi. Jikar nan tawa ba ta barin kowa ya runtsa a gidan.”

Ya ɗaga hannuwa. Mutanen zaure da suka ji ana addu'a suka shigo gaba ɗaya, tela da wanzami da Iya mai ƙosai, suka yi sahu a tsakar gida. Alhaji Mamuda ya yi addu'a irin ta wanda ya baro kasuwa musamman dominta, doguwa, mai rassa. Ya roƙa wa Nazifi buɗin ƙwaƙwalwa da kaifin basira. Ya roƙi Allah Ya sa alƙalaminsa ya faɗa kan daidai. Ya roƙi Allah Ya kawar masa da duk wani abin da zai shiga tsakaninsa da wannan jarrabawa, mutum ne ko aljan, na nesa ko na kusa. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, Ladidi ta fi kowa. Nazifi ma ya ce amin. Ta ƙarƙashin hammatarsa, ta gefen labule, yana hango allon ya koma fari fat, da layi ɗaya a tsakiya mai sanar da cewa an soke jarrabawar domin mai ita ya bar wurin zamansa.

Aka shafa. Alhaji ya gyara riga ya nufi ƙofa, sadauki ya bi shi a baya don rakiya, kamar yadda ya wajaba. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, amma ko da za a ɗora masa wuƙa ba zai iya duban dattijon da ya rufe rumfarsa dominsa ya gaya masa abin da sallamarsa ta yi ba. A bakin lungu Alhaji ya tsaya.

“Rakiyar ta isa haka, Malam Nazifi. Koma bakin aikinka, kada in ɓata maka lokaci.”

“Ba komai, Baba, akwai lokaci.”

Iyakar abin da ya inganta daga maruwaita shi ne ya raka shi har bakin titi, ya tare masa a-daidaita-sahu, ya tattare masa gefen riga ya shigar. Da keken ya fara motsawa, Alhaji ya leƙo da fara'arsa ya ce, “Da wannan addu'ar ka ɗauka ka ci an gama. Ina isa gida zan ce ta fara haɗa kayanta.”

Sai sadauki ɗan sadauki, fitilar Jabiri, takobin zamani, garkuwar ma'abota kwamfuta, ya ɗan rusuna a gefen kwalta, ya ɗaga hannu biyu.

“Allah Ya saka da alheri, Baba.”